Harsasai Shida da Bangon Falanki

A aljihun wata baƙar kwat na tsinci bindigar, cikin dilar gwanjo, wata Talata da hantsi. A lokacin ina aikin ware tufafi a wani sito a unguwar Khumra, nan ƙasa mai tsarki, mu mata goma sha wani abu, kowace da tulinta a gaba. Motoci ne ke zagaya unguwannin masu hali, Aziziyya da makamantanta, su kwaso kayan da aka gaji da su ko waɗanda masu su suka rasu, su zo su jibge mana. Mu kuma mu raba su gida uku: na sayarwa a nan, na aikawa gida, da tsummokaran goge inji. Akwai wata doka a aikin da ba wanda ya rubuta, cewa duk abin da hannunki ya taɓa a aljihu naki ne. Shi ya sa ba wadda ke ɗaga riga ba ta fara lalube ta ba. Na tsinci carbi ba adadi, na tsinci haƙoran roba, na taɓa tsintar hoton wata amarya da aka yage rabinsa.

Da na ji nauyi a aljihun ciki, na zaci waya ce, har na fara murna. Ina zarowa sai na ga bindiga ce. Ƙarama ce, ba ta ma cika tafin hannuna ba, baƙa, gefenta ya koɗe saboda goguwa da aljihu. Na waiga, kowa na ta kanta. Na cusa ta cikin ƙugun zanena a ƙarƙashin abaya, na ci gaba da ware wanduna har la'asar, ƙarfen na tokare da cikina.

Mai hankali da ta jefa ta cikin tsummokara ta manta. Na sani. Amma ina da dalilin da ya sa ban jefar ba, kuma dalilin ba mai daɗin faɗa ba ne.

Umra na zo shekara tara kafin nan, na ƙi komawa. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, ba ni da kafili mai ɗaukar nauyina, ba ni da mai tsaya mini sai Allah. Shekara biyu kafin in tsinci bindigar, muna baje gwanjo a wani lungu a Waziriyya bayan la'asar, askarawa, 'yan sandan ƙasar, suka yi mana dirar mikiya. Akwai wani mutum ɗan ƙasarmu da ke ɗauko mana diloli a ƙaramar motar kayan nan da ake ce wa dabbab. Shi ya riga kowa ganinsu, ya faɗa ƙarƙashin wata tamfol a bayan tulin dardumai. Ni kuwa ƙafata ta harɗe da abaya, wani askar ya damƙe mini wuyan hannu. Ya nuna motar, ya tambaye ni ina mai ita.

Ban buɗe baki ba, Allah shaida ne. Leɓena na turo wajen tamfol ɗin, yadda muke nuna abu a gida idan hannu na riƙe da kaya. Askar ɗin ya daɗe yana kama irinmu, ya san abin da leɓe ke nufi. Ya sake ni ya nufi can, ni kuma na ranta a na kare. Mai dabbab ɗin yana kallona ta wata ƙofa a jikin tamfol, ya ga komai. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tsoro ne, bakina ne ya motsa da kansa. Ƙarya nake yi. Na san abin da na yi, kaina na zaɓa.

Aka kai shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, aka mayar da shi gida. Motar ta tafi, matar da ya bari a nan da ciki ita ma ban san inda ta ƙare ba. Sai ga shi bayan shekara biyu an ce ya dawo ta ruwa. Mako guda kafin in tsinci bindigar, saƙon murya ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Ba zagi, ba hargagi, muryarsa a kwance kamar mai tambayar lafiyar gida. Ya ce, "Hajiya, na dawo. Ki kwantar da hankalinki, ba kashe ki zan yi ba. Leɓen nan kawai nake so." Na saurara sau uku. Ina zan kai ƙara? Wadda ba ta da takarda in ta shiga ofishin askarawa, kanta ta kai.

Ɗakin da nake zaune a saman wani tsohon bene yake a Waziriyya, hawa huɗu, kuma ba ni kaɗai ba ce a ciki. An raba shi biyu da falankin katako marar kauri. Ɓangaren da ke kusa da ƙofa na wata tsohuwa ne, nawa kuma yana can ciki, sai an bi ta wani siririn lungu an zagayo. Duk wanda ya shigo wajena, in ya tsaya yana fuskantar katifata, to bayansa na jingine da falankin ne, kuma daidai bayan falankin tsohuwar ke zama ta miƙe ƙafa. Ina jin ƙarar carbinta ta ciki, ita ma tana jin in na juya a kan katifa.

Inna nake ce mata, kowa ma haka yake kiranta. Mutuniyar wajen Damagaram ce, ta zo da mijinta shekara arba'in da suka wuce, ya rasu ya bar ta. Ta sayar da gyaɗa a bakin masallatai har gwiwoyinta suka ƙi, daga nan ta koma tuƙa tuwo a ɗaki, leburori na aikowa su saya. Ta fi shekara ba ta sauka daga benen ba. Tana da surutu, tana da shisshigi, ba ta ganin ƙulli a ɗaure ta bar shi. Mun sha yin faɗa a kan haka, don ni ma ba kanwar lasa ba ce. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana goma, ita ta riƙa jan gindi tana zagayowa da kunu. Burinta ɗaya ne a duniya, kullum sai ta faɗa: ta mutu a ƙasar nan a rufe ta a cikinta.

Ban yi kwana biyu da bindigar ba ta gano ta. Na dawo na tarar ta shimfiɗa ta a kan faifai tana kallo, kamar an kawo mata tsarabar biki. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ɗiyata, ai na ji saƙon. Katakon ga ba ya ɓoye komi." Ta ce amma in sani, mutumin nan ba a banza yake ba. Kowa ya san ya sha maganin bindiga, an ce a kan iyaka an harbe shi harsashin ya zube ƙasa kamar ruwa. Mahaifinta maharbi ne, in ji ta, kuma in zai fita wa dabbar da ta gagara sai ya kwana da dalmarsa a cikin ruwan rubutu. Ta san wani malami a ƙasan unguwa da ke yin rubutun karya tsari.

Na ce, "Inna, don Allah ki rufa mini asiri. Wannan ƙarfen Turawa ne, ba bindigar toka ba ce. Kuma ko harsashin ma ba ni da shi, me za ki wanke?"

Ta ce, "Halas, shi ke nan, na yi shiru." Da na san ta da kyau, da wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan surutun.

Harsashi kuwa na san inda zan same shi, duk wata mai ware gwanjo ta sani. Mukan tsinci ɗaya ɗaya a aljihun tsofaffin riguna ko a ƙasan jakunkuna. Ba ma jefa su a shara, don an ce wani ya taɓa fashewa a wuta, kuma ba ma yarda a gan su a wajenmu. Sai mu kai wa wani dattijo mai gyaran keken ɗinki a can bayan garejojin Khumra. Tsohon soja ne a gida, shi ma zuwa ya yi ya maƙale. Yakan karɓa ya jefa a wani gwangwanin madara, shekara da shekaru, bai taɓa tambayar kowa daga ina ba.

Na je masa ran Alhamis da azahar, lokacin da zafi ya kori kowa inuwa. Na gaishe shi, na kwance gefen zanena na ajiye masa ita a kan tebur tsakanin allurai da gwangwanin mai. Bai taɓa ta nan da nan ba. Ya tashi ya janyo ƙofar shagon rabi, ya dawo ya zauna, ya ce in ba shi labari. Na ba shi duka, har da leɓen.

Ya ce, "'Yata, kin san in aka kama ki da wannan ba tarhil ba ne? Kurkuku ne na shekaru. In kuma kika kashe rai, kin san hukuncin ƙasar nan."

Na ce na sani.

"To ga shawarar da ta fi duk abin da ke gwangwanin can. Ki je ki miƙa kanki, su mayar da ke gida da leɓenki a jikinki."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, in koma in ce musu me? Shekara tara ina tsintar tsumman matattu, in sauka da leda ɗaya a hannu? Kuma wa zai riƙa hau wa Inna da ruwa hawa huɗu? Ni ba wa'azi na zo nema ba."

Ya dube ni ya girgiza kai. Sannan ya ɗauki bindigar ya wargaza ta kamar yadda yake yi wa keke, ya goge, ya ɗiga mata mai, ya mayar. Ya sauko da gwangwanin ya juye a kan tire. Ban taɓa sanin harsashi iri iri ne haka ba, wani kamar ɗan yatsa, wani kamar ƙwayar gyaɗa. Ya riƙa ture su da yatsa yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa, har ya ware waɗanda suka yi daidai da ita. Goma sha biyar ne. Ya sake raba su biyu, tara a dama, shida a hagu.

Ya ɗaga ɗaya daga cikin taran, kansa mulmulalle sumul. Ya ce, "Wannan ba ya gardama. Kowace bindiga na haɗiyarsa lafiya, kuma in ya fita shiga yake yi ya yi nisa. Matsalarsa bai san inda ake tsayawa ba. Yakan ratsa mutum ya fita ta baya, ya ci gaba da tafiyarsa. In kin kuskure kuwa, ba a magana. Ɗakinki da me aka raba shi?"

Na ce da falanki.

"Wa ke bayan falankin?"

Na ce Inna ce. Ya ajiye shi, ya ɗauko ɗaya daga cikin shidan. Wannan kansa da ɗan rami a tsakiya. Ya ce shi kuma an yi shi ne don in ya shiga nama ya buɗe ya tsaya a nan, kada ya wuce ya sami wanda bai ji ba bai gani ba. Amma bindigata ƙarama ce, ba ta da ƙarfin da za ta tura shi yadda ya kamata. Wani lokaci ya buɗe da wuri bai kai ko'ina ba, mutumin ya ci gaba da tahowa. Wani lokaci zaren riga ya toshe ramin ya ƙi buɗewa sam. Kuma tsofaffin bindigogi irin wannan sukan shaƙe da shi.

Na ce, "To wanne ya fi, Baba? Ka faɗa mini kawai."

Ya ce, "Babu wanda ya fi. Ke za ki faɗa mini abin da kika fi tsoro. Wanda ke gabanki ya iso gare ki, ko tsohuwar da ke bayan katako ta sha abin da ba nata ba."

Ba zan yi ƙaryar cewa nan take na zaɓa ba. Hannuna ya fara zuwa wajen taran ne. Na tuna muryar nan mai sanyi a waya, na shafa bakina. Sai kuma na tuna Inna a zaune ta miƙe ƙafafunta masu kumburi, kanta jingine da falanki tana gyangyaɗi da carbi a hannu. Sau ɗaya na riga na sayar da mutum don in tsira, na ga abin da ya haifa. Na tattara shidan.

Ya nuna mini yadda ake jera su, da yadda ake ja murfin sama baya a saki. Ya ce in na ja kunama ta ƙi tashi, in sake ja murfin, wanda ya ƙi ya faɗo, na gaba ya hau. Ya sa na yi ta maimaitawa babu harsashi har yatsuna suka yi ciwo. Da zan tafi ya naɗe su a wani busasshen ƙyalle, ya riƙe hannuna da ƙullin a ciki. Ya ce, "Waɗannan sun tsufa, bakinsu ya saki. Babban abokin gabarsu laima ce, kin kuwa san garin nan, bango ma gumi yake yi. Ko ɗigon ruwa kada ya taɓa su."

Ban gaya wa Inna wannan maganar ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har gobe. Na ga in na gaya mata, na buɗe mata ƙofar gardama ne, gara kada ma ta san na samo su. Na manta cewa katakon ba ya ɓoye komai.

Ba na fita da bindigar, don ana tare motoci a hanyar Khumra. Kuma ba na barinta da harsashi a ciki in zan fita, saboda na san hannun Inna, kada ta je lalube ta harbe kanta. Kullum da safe in zare su in naɗe a ƙyalle, in tura cikin wata tsohuwar safa a ƙasan akwatina. Da yamma in dawo in mayar. Haka na yi mako uku. Na rame, abinci ya daina yi mini daɗi, in an taɓa ƙofa sai gabana ya faɗi. Sau biyu matan sito suka ce sun ga mai dabbab ɗin a bakin titi yana tambayar wane bene nake.

Sai aka kawo kaya masu yawa da ake son a gama cika kwantena da su, mai siton ya ce ba mai tafiya gida sai an kammala. Kwana uku muka yi a Khumra muna kwana a kan diloli. Ranar Alhamis da yamma na dawo a gajiye. Na zaro safar, na kwance ƙyallen, na ga harsasan sun yi duhu, tagullar ta dushe, kuma a cikin ramukan kansu akwai wani baƙi baƙi kamar zunubin tukunya. Ƙyallen ma ba yadda na ƙulla shi yake ba. Na ce a raina laimar garin nan ce da Baba ya faɗa. Na goge su da gefen zane na jera su. Inna na can bayan falanki tana ta yi mini sannu da aiki, muryarta wasai, har tana tambaya ko in ci tuwo.

Washegari, ranar Juma'a, mutumin ya zo. Ya san abin da yake yi, don lokacin da ya zaɓa duk mazan benen suna masallaci, ana jin huɗuba daga nesa. Na'urar sanyaya ɗakinmu ta lalace, mun bar ƙofa a buɗe don iska. Ina zaune a kan katifa ina tsintar shinkafa, sai na ji takun mutum a matakala, a hankali, ba gaggawa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, cikakkiya. Inna kuwa, da yake ta saba amsa wa masu sayen tuwo, kafin in yi motsi ta riga ta ce, "Wa alaikumus salam, bismillah, shigo."

Ya bi lungun ya zagayo, ya tsaya daidai inda na sha ganinsa a raina, bayansa na jikin falanki. Ya rame ƙwarai, furfura ta fito masa a gemu. A hannunsa akwai 'yar wuƙar nan da muke yanke igiyar dila da ita. Na riga na zaro bindigar daga ƙarƙashin matashi, na riƙe ta da hannu biyu, faifan shinkafar ya kife a ƙafata.

Na ce, "Ka fita. Don girman Allah ka fita."

Na ga tsoro a idonsa, na rantse na gan shi. Ya tsaya cak. Da ya juya a lokacin, da duk wannan labarin bai faru ba. Amma ya haɗiyi yawu ya ɗaga ƙafa, ni kuma na rufe ido na ja kunama.

Ƙas. Ba abin da ya fita sai wannan 'yar ƙarar, kamar an karya tsinke. Na ja murfin yadda aka koya mini, harsashin ya faɗo cikin shinkafa, na sake ja. Ƙas. A na biyun ne fuskarsa ta sake. Ya dubi ƙirjinsa, ya dube ni, sai ya fashe da dariya yana dukan ƙirji da hannun hagu. Ya ce, "Ba a gaya miki ba? Ƙara, Hajiya! Ƙara!" Na ƙara. Na uku ma haka.

Ban ga fitowar Inna ba. Matar da sai ta dafa bango take miƙewa, ban san yadda ta zagayo lungun nan ba. Muciyar tuwonta kawai na gani a sama, ta sauke masa ita a ƙeya tana cewa, "Ka bar mini ɗiya, la'ananne!" Ya juya a firgice da hannun da ke riƙe da wuƙar. Ban jin ya san wa ke bayansa. Wuƙar ta shige ta a ƙasan haƙarƙari, ta zauna daɓas a ƙasa. Ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Innalillahi. Inna, ba ke ba ce, wallahi ba ke ba ce." Ya saki wuƙar ya fita da gudu, ina jin yana tsallake matakala bibbiyu.

Na yar da bindigar na rungume ta, na danna ɗankwalina a wurin. Jinin ba ya fita da yawa, ciki yake zuba, na ga cikinta na tashi. Ina ta ihu ina kiran matan ƙasa. Ita kuwa ta kama wuyan rigata ta jawo ni kusa da bakinta.

Ta ce, "Ɗiyata, ki yafe mini. Kwana uku na jiƙa su a rubutun da na aika aka karɓo mini, tun daga fitarki. Malam ya ce bakwai, sai kika dawo da wuri, na ji takunki a matakala na mayar da su. Da na cika bakwai da sun kama shi."

Na ji maganar Baba ta dawo mini a kunne, ko ɗigon ruwa. Ta zuba mini ido tana jiran amsa, leɓenta ya fara yin fari. Na ce, "Haka ne, Inna. Laifina ne da na dawo da wuri. Kin yi daidai." Ta saki ajiyar zuciya, ta ce alhamdulillahi.

Matan ƙasa suka hau, ɗaya mai takarda ta kira motar asibiti. Suka ce in tashi in bar wurin, askarawa na biye da motar. Na ce ba inda za ni. Inna ta ture hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce, "Yalla, tafi. Kwashe ƙarfen ki tafi." Na tsince harsasan da suka faɗo cikin shinkafa, na ɗauki bindigar, na sauka ta bayan bene da jininta a hannuna. Na tafi. Duk yadda zan juya maganar, na bar ta a ƙasa na tafi.

Ta rasu a asibiti kafin magariba. Wata 'yar ƙasarmu mai shara a can ce ta kawo labarin. Cikinmu ba wanda ya isa ya je ya ce tasa ce, don haka hukuma ta yi mata sutura. Ta sami abin da take roƙo, an rufe ta a ƙasar nan, amma har yau ba wanda ya san kabarinta a cikin duk waɗanda suka ci tuwonta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja shi, ita ya doka.

Shi kuwa ban ji an kama shi ba. Abin da na ji shi ne sunansa ya yi tashe daga Waziriyya har Khumra. Wai an harbe shi sau uku gaba da gaba, bindiga ta ƙi tashi. Har neman sa ake yi a ɓoye ya faɗi inda ya sha maganin. Matan sito na ba da labarin a gabana suna riƙe baki, ba su san ni ce mai bindigar ba, ko kuma sun sani suna gwada ni. Na sha jin kamar in miƙe in ce ƙarya ne, ruwa ne, ruwan rubutu ne a kwanon sha na wata tsohuwa. Amma in na faɗa, na tona kaina, na kuma ɗora wa Inna abin da na ɗauke mata tana numfashin ƙarshe. Sai in sunkuyar da kai in ci gaba da lalube aljihuna.

Bayan kwana tara na koma wajen Baba. Na ajiye masa komai a kan tebur, ya riga ya ji labari. Ya ɗauki filaya ya cire kan harsashi ɗaya, ya juye a takarda. Albarushin da ya kamata ya zubo kamar gari sai ya faɗo a dunƙule, baƙi, jiƙaƙƙe. Ya buɗe na biyu, haka. Ya shinshina yatsansa, ya gane warin tawadar allo, ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Ban gaya mata kada ruwa ya taɓa su ba." Bai ce mini ai na faɗa miki ba, kuma na gode masa da hakan.

Gwangwanin madarar na nan a gefensa a buɗe. Ina hango taran nan a sama, masu mulmulallen kai, a bushe, suna ƙyalli. Mutumin yana gari, kuma bai karɓi abin da ya zo karɓa ba. Na miƙa hannu na ce, "Baba, ba ni waɗancan. Yanzu ai ba kowa a bayan falankin."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Tun ranar Juma'ar ban yi hawaye ba, sai a nan, a tsakanin kekunan ɗinkin mutane, na durƙushe na yi kukan da har masu gareji suka leƙo. Baba bai rarrashe ni ba. Ya mayar da murfin gwangwanin, ya danna shi da tafin hannu har ya zauna.